Yadda Nomau Ya Yaye Albasa

Da idon nan nawa na gani, wannan na dama, don na hagun tun bara ya ajiye aiki. Duk wanda ya ce muku a bakin wani na ji, ku ce ya zo ya same ni a gindin durumin nan mu yi ta a gaban jama'a. Ni Cindo ba a ba ni labari, ni nake bayarwa. Karatuna dai kun san shi: ranar da aka kai ni makaranta aka tarar malamin ya yi tafiya, ni kuma ban koma na duba ko ya dawo ba. Amma in zancen lambu ne, ku matso, kun zo gidan.

Nomau ɗan ƙanwata ne, Allah ya ji ƙanta. Gidansa shi ne na ƙarshe in za ka gangara fadama. Su huɗu ne a ciki: shi, da matarsa Tasalla, da 'yarsu ta goye, da wani jaki wanda in ka cire Tasalla ya fi kowa hankali a gidan. Kar ku ce Nomau mahaukaci ne, a'a. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga ladabi, bai taɓa ɗaga ido ya kalli babba ba. Ciwonsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake haɗiye ta, ba ya ɓare mata ɓawo. In ka ce masa zo mu ci tuwo, to miyar taka ce kai kaɗai, ba zai taɓa ba.

Ba shi da wuri a fadama, saboda haka duk shekara in an gama girbi sai ya bi samari cin rani. Bara sai da aka bi sawu aka samo shi a wata tasha. Wai wani ne ya karɓi jakarsa ya ce masa, "Tsaya nan ina zuwa." Yana nan tsaye har gajimare ya fara haɗuwa.

To da kaka ta yi bana, aka kai hatsi rumbu, sai ga Tasalla ta zo ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Kawu, in mutumin nan ya sake fita cin rani, ba zai dawo ba. Ka taimaka a samo masa wuri a fadama, ko kamar tabarma ne, ya zauna a gida inda nake ganinsa."

Na tashi na tafi wurin Sarkin Fadama, Jatau, wanda yake taubashina, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu zagi juna ba. Ku da ba 'yan fadama ba bari in gaya muku al'adarmu. Sabon shiga aron wuri ake ba shi da kaka. Ya shuka kayan sanyi, kafin zafi ya shigo Sarkin Fadama ya zo ya tsaya a kansa, a cire abin da ya noma a gabansa a cika kwando guda. A gabansa fa, don kar wani ya sayo a kasuwa ya ce nasa ne. Shi muke ce wa kwandon shaida. Ya cika, wuri ya zama naka har 'ya'yanka. Bai cika ba, a ba wani.

Jatau ya gama ji ya ce, "Bawana, wa za a ba wuri? Nomau? Ai gara in ba jakinsa."

Na bugi ƙirji har sai da na yi tari. Na ce, "Ni zan koya masa. Ni da ko dutse na yi wa bayani sai ya tsiro."

Ya ce, "Shi ne abin da nake tsoro." Amma ya bayar.

Na zaunar da Nomau na ce, "Buɗe kunnenka. Kayan sanyi su ne albasa, da kabeji, da karas, da latas, da tafarnuwa. Su sanyi abincinsu ne, da shi suke ƙiba. Kuɓewa da alayyafo ka bar su sai zafi ya dawo, su tsofaffi ne irina, da ɗari ya buso sai su ƙudundune."

Ya ce, "To, Kawu."

Ku riƙe wannan "To, Kawu" ɗin. Duk inda kuka ji shi, ku nemi wurin ɓuya.

Wata rana, bayan ya kafce wurin ya rarraba shi kwami-kwami na shuka masu kyau, ƙasa ta yi laushi kamar garin tuwo, sai na ɗebo ta na murza a hannu irin na masana na ce, "Ƙasar nan yunwa take ji. Ka ba ta taki, kar ka yi mata rowa." Ya ce, "To, Kawu." Na wuce kasuwa. Da la'asar ina dawowa, tun daga nesa nake jin dim, dim, dim, kamar ana daka a gidan biki. Na ƙaraso na tarar da Nomau ya tuɓe riga, yana zuwa yana dawowa, yana ɗaga ƙafa yana maka wa ƙasa. Kwami ko ɗaya babu. Wuri ya daɓe sumul, sai ƙyalli yake.

Ya share gumi ya ce, "Kawu, tun safe nake ba ta taki, ban yi mata rowa ba. In ƙara da gudu?"

Na ce, "Kashin awaki nake nufi! Kashin shanu!"

Ya ce, "Ai da ka ce kashi, Kawu."

Na gode wa Allah da ban ce kashi ba. Kafin mu watse wasu mata har sun zo tambaya ko za a ba su aron wurin su shanya barkono. Jatau ya biyo ta kan kekensa, ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙasar da sanda ya ce, "Bawana, filin idi kuke yi mana? Allah ya ba da lada." Sai da aka sake kaftu daga farko, kuma ni da kaina na ɗora wa jaki mangala na yi ta jidar taki, jakin yana harara ta kamar ya san wa ya jawo masa.

Wata rana kuma lokacin iri ya yi. Albasa da kabeji ba a watsa su kai tsaye, a ɗan kwami guda ake fara tayar da su, in sun yi tsawon yatsa a cire a dasa. Na ƙulla masa iri a tsumma na ce, "Je ka yi renonsa. Iri jariri ne, ba ya son rana mai zafi, ba ya son ƙishi." Ya ce, "To, Kawu." Aka kwana biyu ban ga ya taɓa kwamin ba. Ina wucewa ta bakin rijiya sai na hango mata sun yi da'ira suna riƙe ciki. Na kutsa kai. Ga Nomau a inuwa, ya ɗaura zanin goyo har da majanyi, ƙullin iri a gadon bayansa, yana jijjigawa yana cewa, "Yi shiru ɗan baƙi, yi shiru, Kawu zai zo."

Tasalla na gefe da 'yarta a kafaɗa. Na ce, "Ke kuma kina kallo ba ki hana shi ba?"

Ta ce, "Na hana, Kawu. Ya ce ai kai ka ce, kuma ka fi ni sanin lambu. Ni na isa in ce ba ka fi ni ba?"

Na kwance ƙullin, na tarar har kunu ya ɗiɗɗiga masa don kar ya ji ƙishi. Iri ya cakuɗe ya yi tsami. Dole na koma kwamin renona na tsamo masa dashen albasa da na kabeji, ina tsamowa ina jin kamar haƙorana nake cirewa.

Wata rana karas ya fito. Kai, ya fito! Kore shar, a cushe kamar gashin yaro. Shi karas in ya cunkushe ba ya yin gindi, sai an rage shi. Na tsaya na riƙe ƙugu na ce, "Nomau, yara ba sa zama cikin manya. Ka tsame yaran ka bar manya su sha iska." Ya ce, "To, Kawu." Na je na ba tawa albasar ruwa na dawo. Kwamin karas fes, ko tsinke babu. Ya tara su gefe guda a jere, ya lulluɓa musu ganye.

Na ce, "Ina manyan?"

Ya ce, "Na duba ɗaya bayan ɗaya, Kawu. Duk yara ne."

To me za ka ce? Ƙarya ya yi? Jaki ne ya ci karas ɗin ranar, shi ma bai ƙoshi ba.

Wata rana latas ya yi kyau, ya baje ganye, har masu wucewa suna tsayawa. Tsuntsaye suka fara yi masa sallama. Na ce, "Ka ga latas ɗin nan? Ka sa masa ido. Ido sosai fa." Ya ce, "To, Kawu." Ashe ranar kasuwa ce. Ya tafi mahauta ya bi mahauta ɗaya-ɗaya yana roƙon ido, na sa, na akuya, na tunkiya. Su kuma suka zaci haɗin magani na aike shi, har wani yana cewa, "Tsohon nan dai bai daina ba." Ya cika ƙwarya, ya zo ya kakkafa tsinke a kan kowane latas ya soke ido a kai.

Da hantsi na gangaro, sai na ga ungulaye suna shawagi a kan fadama kamar an yi mushe. Kafin in kai, karnukan gari sun riga ni. Faɗa ya kaure a tsakiyar latas, wannan ya fizgi ido, wancan ya bi shi. Na ɗaga sanda na yi kansu da kururuwa, don a zamanina ni kare ba ya haɗa ido da ni. Ashe zamanin nawa ya wuce ban sani ba. Wani jan kare ya juyo ya yi min murmushi, na ja da baya, na ja da baya, sai ji na yi tsundum a ramin ruwa. Nomau ne ya tsamo ni da hannu ɗaya kamar ɗan tsako.

Yana matse min riga yana cewa, "Amma Kawu idon ya yi aiki. Ƙaramin tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba."

Daga ranar na ce na daina yi masa magana, tunda bakina ne ke kashe kayan. Na ce, "Daga yau abin da ka ga na yi, shi za ka yi." Wata rana muka shiga tafarnuwa cirar ciyawa. Na tsuguna, ya tsuguna. Na cire, ya cire. Na ce a raina, Cindo ka gano maganin. Ashe a kan gidan cinnaka na tsuguna. Guda ta shige wando ta kama ni a inda ba a faɗa. Na yi tsalle, ya yi tsalle. Na mari cinya, ya mari cinya. Na faɗi na yi birgima, ƙaton nan ya zube a kan tafarnuwa ya yi birgima daga wannan kwami har wancan. Ina ihu ina cewa, "Tsaya!" shi ma yana ihu yana cewa, "Tsaya!" Da na kai ga kwance mazagi ne Allah ya taimake mu Tasalla ta iso da abinci, ta juya baya ta ce, "Kawu, don girman Allah a tsaya a nan." Tafarnuwa dai ba ta sake ɗaga kai ba.

Wata rana, wannan ita ce ta fi yi min ciwo. Akwai wani rawani da na ajiye a adaka, fari tas, tun shekarar da aka ce za a ba gidanmu sarautar fadama, aka zo aka ba su Jatau. Ban ce ina jira ba, ajiyewa kawai na yi. To kabejin Nomau ya yi faɗi amma bai fara dunƙulewa ba. Ya tambaye ni yaushe za a cire, ni kuma baki ba ya jin magani, na manta na daina magana. Na ce, "Kabeji basarake ne, sai ya yi naɗi ake fita da shi." Ya ce, "To, Kawu." Na tafi suna wani ƙauye na yi 'yan kwanaki. Shi kuwa ya je gidana ya ce wa matata Hansai, "Kawu ya ce a yi naɗi." Ita kuma ta zaci abin da aka daɗe ana jira ne ya zo, ta buɗe adaka ta miƙa masa rawani har da guɗa.

Na dawo na tarar da jama'a a lambun. Kowane kabeji da ɗan rawaninsa, an ɗaure tam, har da kunnuwa biyu a sama. Rawanina ne aka yayyaga. Jatau ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban babban cikinsu yana jinjina, yana cewa, "Ranka ya daɗe! Sarki ya gaishe ku! Bawana, zo ka yi gaisuwa, an naɗa na gidanku."

Da aka kwance, kabeji ya sha ruwa a cikin ƙyalle ya dafe, tsutsa ta yi gari a ciki. Na tattara tsummokarana na tafi gida. Hansai ta ce ko matatar koko ba za su yi ba.

Da yamma Tasalla ta zo. Wannan karon ba dariya a fuskarta. Ta ce, "Kawu, karas ya tafi, latas ya tafi, tafarnuwa ta tafi, kabeji ya tafi. Saura albasa. In ita ma ta tafi, wuri ya tafi, shi ma ya tafi."

Na ce, "Kwantar da hankalinki, gobe tun da sassafe zan je in..."

Ta ce, "Shi ne roƙon da na zo yi. Don Allah Kawu, ka daina zuwa."

Ni! Ni Cindo! Amma sai na tuna rawani. Na ce to.

Ita ta riƙa gaya masa abin yi, da magana irin wadda ba ta da kwana: ɗebi ruwa, zuba a nan, ya isa, tsaya. Kuma abin haushi, tunda na ɗauke ƙafa albasa ta ce ga ni nan. Labari ya riƙa iso ni a gida, wai albasar Nomau ta fi ta kowa, wai har ta fi tawa. Na daure, na daure, sanyi ya fara ja da baya, Jatau ya sa aka yi shela cewa ranar Asabar zai zagaya karɓar kwandon shaida.

Wata rana, Laraba ce, na kasa daurewa. Na ce leƙawa kawai zan yi, ba zan ce uffan ba. Na je na tarar da mutane tsaye suna yabawa. Gudaji ya fasa ƙasa ya fito kamar dunƙulen hannu, lawashi ya fara kwanciya. Wani ya ce, "Kai, Nomau ya iya!" Sai na kutsa tsakiyarsu.

Na ce, "Wa ya iya? Dashen wa aka dasa? Ku tambaya a gaya muku, ni ne kakan albasa a fadamar nan. Duk wadda kuka gani a nan jikata ce." Na juya wurin Nomau, don dai a san har yanzu ni ke ba da umarni, na ce, "Ta isa yaye. Ka yaye ta."

Duk ɗan fadama ya san abin da nake nufi: a yanke mata ruwa ta bushe ta yi ƙwari kafin a cire. Ya ce, "To, Kawu."

Amma wahala ta koya wa Nomau tambaya. Bai taɓa komai ba sai da ya je gida, ya tarar Tasalla na daka. Ya ce, "Wai yaya ake yaye?" Ita kuma ta zaci zancen 'yarsu yake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "A shafa wa nono maɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kakansa, ya zauna can har ya manta."

Ranar Alhamis na je kasuwa, ita ma Tasalla ta je unguwa. Nomau ya jiƙa maɗaci ya shafe bakin hanyar ruwa da shi kaf. Sannan ya bi albasa ya tuge ta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ba ta haƙuri. Ya yi ta loda wa jaki yana haurawa tudu. Ni ina dawowa na ga Hansai zaune a tsakar gida ta toshe hanci da mayafi. Na tura ƙofar ɗakina, ta ƙi buɗuwa. Na sa kafaɗa, sai albasa ta gangaro ta rufe min ƙafafu. Ɗaki cike, har kan gado, har kan buzun sallata.

Nomau ya leƙo ta bayana ya ce, "Ga jikokinka nan, Kawu. Ba su yi kuka a hanya ba."

Ana cikin haka sai ga Jatau, labari ya kai masa. Yau ba "bawana" a bakinsa. Ya ce, "Cindo, ka san al'ada. A gabana ake cirewa. In na ɗaga wa naka, gobe kowa ya kawo min na kasuwa. Ranar Asabar zan je, abin da na tarar a ƙasa shi zan shaida." Ya juya ya fita.

A ƙasa kuwa babu komai sai ramuka da ɗacin maɗaci.

Tasalla ta iso da gudu, ta ga albasa, ta ga mijinta, ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da zani. Da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi. Nomau ya dube ta, ya dube ni, ya ce a hankali, "Kawu, cin ranin zan tafi ke nan?"

Sai na duƙa ina tsince albasa daga kan buzu.

Washegari Juma'a, maza duk muka tafi masallaci a babban gari. Muna dawowa da yamma, muka hau tudun da ake hango fadama, sai na gaba ya tsaya cak ya yi salati. Babu fadama. Ruwa ne malale daga nan har can, rana tana wasa a kansa. Wai can saman kogi aka buɗe madatsar ruwa, wasu suka ce an yi sanarwa, mu dai ba ta iso mu ba. Kowa ya yar da takalmi ya ruga. Ni ma na naɗe wando na faɗa, ruwa har ƙirji, ina lalubar albasata da ƙafa. A nan ne na yi karo da wata tarwaɗa, ƙatuwa, gemunta ya fi nawa, tana kwance a daidai kwamina. Ta ɗago kai ta ce, "Sannu da aiki, kakan albasa."

Albasar da ta kusa cira in ta kwanta a ruwa, sai dai a yi mata addu'a. Ruwan nan bai janye ba sai da ya gama da ta kowa. Tawa, ta Jatau, ta duk wanda ya yi wa Nomau dariya, ta narke ta zama kunu. A garin nan kaf, albasar da ta rage ita ce wadda ke kwance a kan gadona.

Asabar da safe Jatau ya yi sallama a ƙofar gidana, da dattawan fadama a bayansa, da kwando a hannunsa. Idonsa ya yi zuru-zuru. Aka kira Nomau da Tasalla.

Jatau ya ce, "Na je in ga abin da ke ƙasa, na tarar sai da kwalekwale. Al'ada ta ce a cire a gabana. Da yaron nan ya bi al'ada, da yanzu kifi ne ke karɓar shaida." Ya miƙa kwando ya ce, "Nomau, cika."

Ya cika shi har yana zuba. Jatau ya ɗauki guda ya jinjina a hannu, ya shinshina, ya dubi dattawa. Suka gyaɗa kai. Ya ce, "Wuri naka ne, kai da 'ya'yanka. Sharaɗi ɗaya: ko kiran salla ka ji kawunka yana yi, ka tambayi Tasalla kafin ka yi alwala."

Tasalla ta saki guɗa har jaki ya amsa daga waje. Nomau ya tsaya yana murmushi, ya ce, "To ba tafiya ke nan?" Ta ce, "Ba tafiya." Ya zauna daɓas a ƙasa, wai tunda an ce ba tafiya.

Da jama'a suka watse, kowa da 'yar albasarsa a aljihu da Tasalla ta rarraba, sai Hansai ta ce min babu ta miya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gida cike. Na miƙa hannu na ɗauki biyu ƙanana. Sai ji na yi an riƙe min wuyan hannu kamar an kama da awartaki.

Nomau ne, ido waje. Ya ce, "Kawu! Kaka yana cin jikansa?"

Na ce, "Ai kowa ma ya ɗiba!"

Ya ce, "Su ai bare ne."

Haka aka yi. Albasa ta zauna a ɗakina har ta manta da nono, ni ina raɓe a gefen gado, gari duk ana miya da ita, tawa miyar lami. In Hansai za ta yi girki sai ya zo ya zauna a bakin murhu yana gadi.

Duk abin da na gaya muku haka ya faru, ku tambayi Jatau in kun ga dama, ko da yake shi zai ƙara gishiri. Abu ɗaya ne kawai nawa. Tarwaɗar nan ba ta gaishe ni ba. Kallona kawai ta yi ta wuce abinta.